Yadda *Go* Ta Ari Rigar Maƙwabciya: Nazari a Kan Wani Aikatau na Turanci

Duk wanda ya taɓa koyar da Turanci a firamare ya san jimlar nan: *I goed to the market*. A shekarun da na yi ina riƙe da alli, da wuya zangon karatu ya wuce ban zagaye kalmar *goed* da jan biro ba. Wata rana wata yarinya 'yar aji huɗu ta kawo mini littafinta, ta ɗora yatsa a kan jan da'irar, ta ce, "Malam, ai kai ka ce in abu ya wuce a sa *ed*." Na ce mata haka Turawa suke faɗa, ta je ta haddace *went* kawai. Amsar ta rufe mata baki, amma ni ba ta gamsar da ni ba, domin ƙa'idar da na koya mata ce ta bi sau da ƙafa.

Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, baƙin halin wannan aikatau ba rashin tsari ba ne. Yawan amfani ne ya haifar da shi, kuma yawan amfanin ya yi wa kalmar aiki biyu masu karo da juna: ta wani gefen ya daskarar da ita, ta wani gefen kuma ya sa ta zaizaye.

A tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila kafin mamayar Normandawa ta 1066, sifar aikataun ita ce *gan*, 'yar'uwar *gehen* ta Jamusanci da *gaan* ta harshen Holan. Tun a lokacin ba ta da shuɗaɗɗiyar sifa daga tushenta. Mai son ya ce "ya tafi" sai ya ce *eode*, kalmar da ta fito daga wata saiwa dabam. Da tafiya ta yi tafiya *eode* ta koma *yede* ko *yode*. A gefe guda kuma akwai wani aikatau mai zaman kansa, *wendan*, mai ma'anar juyawa ko karkata zuwa wani wuri, wanda ya zama *wend*. Shuɗaɗɗiyar sifarsa ita ce *went*, kamar yadda *send* take ba da *sent*, *bend* take ba da *bent*. Tunda mai juyawa ya nufi wuri da mai tafiya wurin kusan abu ɗaya suke yi, sai mutane suka riƙa musanya su. Zuwa ƙarni na 15 *went* ta ture *yede* a kudancin Ingila, kuma a can ne William Caxton ya kafa injin ɗab'insa a Westminster a 1476, don haka karin kudu ne ya shiga littattafai. Lokacin da Edmund Spenser ya yi amfani da *yode* a waƙarsa The Faerie Queene ta 1590, da gangan ya yi, don ya sa wa baitocinsa ƙanshin tsufa.

Abin dariyar shi ne mai rigar ya koma tsirara. Da *go* ta riƙe *went* ta hana, sai *wend* ta ɗinka wa kanta sabuwa, *wended*, a kan ƙa'idar nan ta *ed*. A ƙasar Sikotlan kuwa mutane wata hanya suka bi, suka ƙera *gaed* daga *gae*. Ashe ɗalibata tana da magabata, ni ne ban sani ba.

To me ya sa Turanci bai gyara wannan karkatar ba cikin shekaru ɗari biyar? A 2007 Erez Lieberman da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard sun buga wani bincike a mujallar Nature. Sun bi diddigin aikatau 177 da ba sa bin ƙa'idar *ed* a tsohon Turanci, suka tarar 145 ne suka rage a haka a Turancin tsakiyar zamani, yau kuma saura 98. Waɗanda suka miƙa wuya su ne waɗanda ba a cika furtawa ba. Har *help* ma da *holp* ake cewa, yanzu ta zama *helped*. Dalilin a fili yake. Kalmar da yaro yake ji sau da yawa a wuni tana zama a ƙwaƙwalwarsa ɗungurungum, ba ya bukatar ƙa'ida kafin ya fito da ita. Wadda ba ya ji sai jefi-jefi kuwa, in ya lalubo bai same ta ba, sai ya koma ga ƙa'ida. Masu nazarin yadda yara suke koyon harshe sun daɗe da lura cewa 'ya'yan Turawa kansu sukan fara da *went*, su koma *goed* in sun gano ƙa'idar, sannan su dawo *went*.

Wani zai ce, in yawan amfani kariya ne, me ya hana shi kare *yede*? Tambayar tana da nauyi, kuma *gaed* ta Sikotlan tana ƙara mata ƙarfi. A ganina abin da yawan amfani yake tsarewa shi ne gurbin, wato matsayin da ake cikewa da hadda maimakon ƙa'ida. Wanda zai zauna a gurbin yana iya sauyawa in aka sami ɗan takara da shi ma yake bakin kowa, kuma *went* tana bakin kowa tun kafin ta sauya gida.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Muna cewa "na je Kano", amma in ana cikin tafiyar sai mu ce "ina zuwa Kano". Aikataun *je* ba shi da sunan aiki nasa, na *zo* yake ara, shi ya sa "ina zuwa" take iya nufin gare ka na nufo, ko can na nufa. Faransanci ya fi mu tara-gurbi: *vais* da *allons* da *irai* duk sifofin aikatau ɗaya ne, amma daga saiwoyi uku.

Aiki na biyu da yawan amfani ya yi wa kalmar, wato zaizayewa, ya fi ba ni sha'awa. Tun ƙarshen ƙarni na 15 ake samun jimloli a rubuce inda *going to* take gaban wani aikatau. Da farko tafiya ce ta ƙafa: mutum ya tashi ya nufi wuri domin ya yi wani abu. Amma wanda ya tafi yin abu bai yi shi ba tukuna, saboda haka ma'anar niyya da ta lokaci mai zuwa suna maƙale a ciki. Sannu a hankali tafiyar ta ɓace, lokacin ya rage. A 1646 wani malamin nahawu, Joshua Poole, ya riga ya lissafa ta cikin alamomin abin da zai faru. Yau Bature yana cewa *it is going to rain*, alhali ba inda hadari ya taka. Sautin ma ya zaizaye ya koma *gonna*. Ga wata shaida mai kyau: ana cewa *I'm gonna eat*, amma babu ɗan harshen da zai ce *I'm gonna London*. Inda tafiyar ta gaske ce, kalmar tana nan da cikar gaɓoɓinta. Inda ta zama alamar nahawu ne kaɗai ta lalace. Masanin harshe Bafaranshe Antoine Meillet shi ya raɗa wa irin wannan rikiɗa suna a 1912, wato komawar kalma mai ma'ana ta zama kayan aikin nahawu.

Mu ma mun bi wannan turba. In aka tambayi mutum "ina za ka?" ya ce "za ni kasuwa", wannan *za* tafiya ce tsantsa, babu wani aikatau a bayanta. Ita ce kuma muke ji a "za mu ci" da "za su zo", kuma Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000, ya danganta alamar da aikataun tafiya. Wannan ne ya bayyana abin da yake ɗaure wa ɗaliban nahawu kai: a "mun ci" da "muna ci" wakilin suna ne a gaba, amma a "za mu ci" alamar ce take gaba. Zaizayewar ma ta same ta, tunda "za ni" ta dunƙule ta zama "zan". Mai cewa "zan je", in aka tono asali, tafiya biyu ya jera, daidai da Baturen da yake cewa *I'm going to go*. Larabcin Masar ya yi haka da *rayih*, wadda ta ƙanƙance ta zama *ha* a goshin aikatau.

Sauran ma'anonin *go* suna da yawa, amma akasarinsu rassa ne na motsi: inji yana *go* in yana aiki, madara takan *go bad* in ta lalace, *ago* kuma tsohuwar *agone* ce, wato abin da ya shige. Da kalmar ta iso Afirka ta Yamma sai ta ƙara yin 'ya'ya. *Go-slow*, wadda a Ingila take nufin ma'aikata su ja ƙafa da gangan a wurin aiki don nuna fushi, a Najeriya ta zama cunkoson motoci, direbobinmu suka mayar da ita gosulo. Turancin buroka kuwa ya yar da *went* gaba ɗaya, ya kuma yar da *ing* da *to*, ya bar *go* ita kaɗai tana nuna lokaci mai zuwa. Kwandasta a tashar Legas in zai tabbatar maka motarsa za ta tashi, cewa yake yi *e go go*.