Hannun da Ke Kan Amfilifaya

A masallatan Katsina da azumi, lokacin tafsiri, akwai wanda ba a cika lura da shi ba. Yana zaune gefen amfilifaya, yatsunsa a kan abin murɗa sauti. In malam ya sassauta murya yana bayani, sai ya ƙara. In mai jan baki ya ɗaga murya, sai ya yi wuf ya rage, kada lasifikar da ke saman soro ta koma ƙarar gwangwani. Da zai shagala ko na daƙiƙa biyu, na sahun baya su rasa ji, na kusa da lasifika su toshe kunne.

Haka gidajen rediyon farko suka yi a Amurka cikin shekarun 1920. Injiniya ne ke zaune yana sa ido kan allurar mita, domin in sauti ya wuce ƙima sai murya ta fashe, ta tsallaka zangon wata tasha, wani lokaci ma na'urar watsa shirin ta lalace. Amma hannun mutum ba ya rigan buguwar ganga. A 1937 kamfanin Western Electric ya fitar da 110A, na'urar da ke rage sautin da kanta.

Aikin nata ba wuyar fahimta. Ana shata mata iyaka, duk sautin da ya haura sai ta danne shi. In an saita ta huɗu bisa ɗaya, sautin da ya wuce iyakar da desibel 8 zai fito da ƙarin 2 kacal. Wannan ce kwamfiresa. Ita kuwa limita katanga ce, ba abin da ke tsallake ta. Da an danne masu tsawo, sai a ɗaga sautin gaba ɗaya, raɗa ma ta jiwu.

Daga nan maƙera suka shiga gasa. Fairchild 670 ta zo a ƙarshen shekarun 1950 da ƙwayayen lantarki ashirin a cikinta. Wadda ta fi burge ni ita ce LA-2A ta Jim Lawrence: sauti ne ke kunna wani ɗan haske, hasken ya faɗa kan abin da ke jin haske, shi kuma ya rage ƙarfin muryar a hankali, kamar mai lallashi. A 1967 Bill Putnam ya kawo 1176 mai saurin cafke sauti, a 1975 kuma Bob Orban ya haɗa Optimod don tashoshin FM.

Mu nan ta rediyo muka fara cin moriyar kwamfiresa ba tare da mun san sunanta ba. Tun da Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, mai shayi a Ƙofar Soro yana jin Mamman Shata a ƙaramin rediyo mai batir, duk da shuuu na iska da hayaniyar hanya, saboda an matse sautin kafin ya bar tashar. Bayan ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, gidan rediyon jiha da tashoshin FM irin su Companion suka biyo wannan sawu.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. A 1994 kamfanin Waves ya sa limita cikin kwamfuta, aka shiga tseren wa ya fi ƙara, har Turai ta kafa ma'aunin R128 a 2010 don tsawatarwa. Yau yaro a ɗan situdiyo yana danna maɓalli ɗaya ya matse waƙa har ta zama bai ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, don ta yi tsawa a waya da lasifikar Keke Napep. Ban ga laifinsa ba, kasuwa ce ke nema. Abin da ke ci min rai shi ne kalangu. Makaɗi yana sassauta tsarkiya a hammata, gangar ta yi ƙasa kamar mai gulma, sannan ya matsa ta zabura. A yawancin sababbin waƙoƙin da nake ji a Babbar Kasuwa, gulmar da zaburar duk ƙarfinsu ɗaya.