Bahago da Bindigar Iska: Me Za a Duba Kafin a Saya?

Bindigar iska mai resor, wato sifirin, ba ta cin albarushi: resor ne ke tura iska, iskar ta fitar da ɗan harsashi mai milimita 4,5 ko 5,5. To, bahago fa?

Mu fara da ido. Ka buɗe idanu biyu, ka nuna wani abu da yatsa, ka rufe na dama. In yatsan bai gusa ba, idon hagu ke jagora, a kafaɗar hagu za ka ɗora.

Sai katakon gindinta. Galibi akan yi masa tudun kunci a gefen hagu don mai harbi da dama. Ka nemi wanda gefensa biyu daidai suke.

Mu dai shawararmu ita ce wadda ake karya bututunta a ɗana, kamar Diana 27 ta Jamus ko BSA Meteor ta Ingila. Diana 52 kuwa hannun ɗanawarta a dama yake, yana wahalar da bahago.

Ka riƙe bututun gam lokacin zuba harsashi, yatsa nesa da kunama. Kada a harba ta wayam, resor na lalacewa. Kafin saye, a tambayi hukuma ƙa'idar mallaka.