Salo Ba Ya Ɓuya: Tarihin Gano Marubucin da Ya Sakaya Sunansa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe ya saba jin cewa salo shi ne hanyar da marubuci ya zaɓa domin isar da saƙonsa. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne, akwai wani ɓangare na salo wanda marubuci bai zaɓa ba, bai ma san yana da shi ba, kuma wannan ɓangaren ne ke tona asirin wanda ya yi rubutu ya sakaya sunansa. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda aka riƙa gano irin waɗannan marubuta, tare da nuna yadda ilimin da manazarta suka ƙirƙiro ya koma hannun masu farautar mutane.

2.0 Daga Ƙidayar Hannu Zuwa Kwamfuta

A shekarar 1887 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Thomas Mendenhall, ya kawo ra'ayin cewa idan aka ƙidaya yawan haruffan kalmomin da marubuci ke amfani da su, za a sami wani tsari da ya keɓanta da shi. Aikin ya kasance mai wahala da cin lokaci, sakamakonsa kuma bai gamsar ba.

Nasara ta farko ta samu ne a kan wasu maƙalu 85 da aka buga a Amurka tsakanin 1787 da 1788 da sunan aro na Publius, domin goyon bayan tsarin mulkin ƙasar. An san Hamilton da Madison da Jay ne suka rubuta su, amma an daɗe ana taƙaddama a kan guda 12. A 1964 Frederick Mosteller da David Wallace suka fitar da sakamakon binciken da suka yi da taimakon kwamfuta. Ba su dogara da jigo ba, domin jigon duk ɗaya ne. Ƙananan kalmomi suka ƙidaya. Alal misali, Hamilton yana yawan amfani da kalmar "upon", Madison kuwa da ƙyar yake kawo ta. Da haka suka danganta maƙalun 12 ga Madison.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta ga mai nazarin Hausa. Mutum yana iya sauya jigo, ya sauya manyan kalmomi, amma ba ya lura da sau nawa ya ce "dai" ko "kuwa" ko "fa" ko "kam", ko kuma inda ya fifita "sai dai" a kan "amma".

3.0 Masanin Harshe a Hidimar Ƴan Sandan Ciki

Tun kafin zuwan kwamfuta hukumomi sun gane amfanin wannan ilimi. Tsakanin Yuni 1942 da Fabrairu 1943, wasu ɗaliban Jami'ar Munich a Jamus, masu kiran kansu Farar Fure, sun rarraba takardu shida na sukar mulkin Hitler, babu sunan kowa a jiki. Da ƴan sandan ciki na Gestapo suka rasa bakin zaren, sai suka nemi taimakon Richard Harder, farfesan harshen Girkanci na dā a wannan jami'a. Ya rubuta musu rahoto biyu a ranakun 17 da 18 ga Fabrairu 1943, inda ya bi kalmomi da ginin jimloli, ya nuna cewa marubucin mai zurfin ilimi ne kuma yana da alaƙa da jami'a.

Ba rahoton ne ya kai ga kamun ba. Wani ma'aikacin jami'ar ne ya ga Hans Scholl da ƙanwarsa Sophie suna watsa takardun ranar 18 ga watan, ya miƙa su. Bayan kwana huɗu aka fille musu kai tare da abokinsu Christoph Probst. Wanda ya rubuta takarda ta shida kuwa, Farfesa Kurt Huber, abokin aikin Harder ne a jami'a guda, shi ma aka kashe shi a watan Yuli. Abin lura a nan shi ne, dabarar da Harder ya koya domin nazarin tsoffin littattafai ita ce ya juya a kan ɗaliban makarantarsa.

Wasu gwamnatocin kuma na'urar rubutun suka bi. A 1983 gwamnatin Ceausescu ta Romaniya ta wajabta wa duk mai tafireta ya yi mata rajista wurin ƴan sanda, ya kuma ba da samfurin haruffanta.

4.0 Zamanin Manhaja

A Satumba 1995 jaridar Washington Post ta buga wani dogon rubutu mai kalmomi kimanin 35,000 na mutumin da ya kashe mutum 3 ya raunata 23 da bama-bamai tun daga 1978. Ƙanensa ne ya shaida salon, masu bincike suka kwatanta shi da wasiƙunsa, aka kama Ted Kaczynski a Afrilu 1996. Wannan amfani ne da kowa zai yaba.

Sai dai hanyar tana kuskure. Donald Foster, wanda ya gano ɗan jarida Joe Klein ne ya rubuta wani ƙagaggen labarin siyasa marar suna a 1996, ya kuma danganta wata waƙar makoki ga Shakespeare, amma a 2002 ya amsa cewa ya yi kuskure. Kuskure a kan mataccen mawaƙi jayayyar malamai ce kawai. A kan rayayyen ɗan adawa kuwa, kurkuku ne.

Babban sauyin da aka samu shi ne na yawa. A dā sai an sami mutum biyu ko uku da ake zargi kafin a kwatanta. A 2012 Arvind Narayanan da abokan aikinsa suka gwada manhaja a kan marubutan intanet 100,000, ta gano ainihin marubuci a cikin fiye da kashi 20 bisa ɗari na gwajin. A 2013 manhajar Patrick Juola ta ƙarfafa zargin cewa J. K. Rowling ce ke rubutu da sunan Robert Galbraith, ta kuwa amsa. A 2022 hukumar IARPA, mai yi wa jami'an leƙen asirin Amurka bincike, ta ƙaddamar da shirin HIATUS domin gano marubuci ta salonsa, da kuma ɓoye salon wanda ake son karewa. A ɗaya ɓangaren, masu bincike a Jami'ar Drexel sun samar da manhajar Anonymouth, mai nuna wa marubuci alamomin da ke tona shi domin ya sauya su.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa dabarar ɗaya ce, ko a kan maƙalun Publius ko a kan takardun Farar Fure. Bambancin yana ga wanda ya nemi aikin da abin da zai yi da sakamakon. Ɗalibin da ya iya rarrabe Sakkwatanci da Kananci da Damagaranci a rubuce, ko ya gane mawaƙi ta amsa-amonsa, ya riga ya riƙe wannan makami. Ranar da wani ya miƙo masa takarda marar suna ya ce a gano mai ita, ya kamata kafin ya fara ƙidayar kalmomi ya tambayi abin da za a yi wa marubucin idan an same shi.