Damo da Labbu: Tarihin Wani Suna

Abin da zan yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne ga ido, watau sunan wata dabba mai jan ciki. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure, a Anka ko Gummi ko Bukkuyum, ya ji an fassara kalmar Larabci "labbu" da "damo". Haka ake biya hadisin nan na cikin Muwaɗɗa Malik, inda aka kawo gasasshen labbu a ɗakin Maimuna, Manzon Allah (S.A.W.) ya janye hannunsa bai ci ba, bai kuma haramta ba, Halidu ɗan Walidu ya ci a gabansa. To, tambayata ita ce: labbun nan shi ne damonmu?

Bahaushe dai ya san dabbobin ƙasarsa sarai. Ya raba damo, mazaunin tudu, da guza, mai bin ruwa irin na fadamun Gulbin Zamfara. Damo gajeren kai gare shi, da harshe mai baki biyu, da wutsiya marar ƙaya, kuma abincinsa ƙwari ne da katantanwa. Da rani yakan shige rami ya yi watanni bai ci komai ba, ba mamaki nan ya samo kirarinsa na sarkin haƙuri. Guza kuwa ya fi shi tsawo, yakan kai mita 2, wutsiyarsa a matse take don iyo.

Labbu fa wata halitta ce dabam. A hamada yake zaune, ganye da tsirrai yake ci, wutsiyarsa gajera ce mai kauri, ga zobba-zobban ƙaya. Larabawa sun raba shi da dangin damo, waɗannan "waral" suke ce musu. Damiri, malamin Misra wanda ya rasu a 1405, ya ba kowanne babinsa a littafinsa Hayatul Hayawan. Daga waral ɗin nan ne Bajamushe Merrem ya ƙago sunan Varanus a 1820, sunan da masana ke kiran damo da guza da shi har yau. Shi damonmu, Bafaranshe Bosc ne ya fara siffanta shi a rubuce a 1792. Irin labbun da ke duwatsun Azbin, ƙasar Agadas, sai a 1922 aka sa masa sunan ilmi.

Ina dalilin wannan musanya? Malamanmu na dā sun tarar da suna a littafi, dabbar kuwa ba ta zaune a ƙasarsu, sai suka ɗauko mafi kusa da ita a siffa don almajiri ya fahimta. Ba su kaɗai suka yi haka ba, Turawan mulkin mallaka ma iguwana suka riƙa ce wa damo, alhali ita dabbar Amurka ce.

Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Hukuncin cin damo aikin malaman fiƙihu ne, sai dai lalle ne mai neman fatawa ya san dabbar da yake tambaya a kanta. Saboda haka nake kira ga ɗalibai masu nazarin fassara, su riƙa zama da maharba da fataken Azbin kamar yadda suke zama da ƙamus. Idan sun ji an ce damo, su fara tambaya: wutsiyarsa da ƙaya ko babu?