Zaɓen firinta ga ƙaramar sana'a a Birnin Kebbi da Argungu: inda ainihin tsadar take

A shagunan kwamfuta da ke kewaye da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da waɗanda ke kusa da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, firinta ce jarin mai shago. Da ita ake buga kundin kammala karatun ɗalibai, da takardun rajistar JAMB, da wasiƙun neman aiki. Makarantu masu zaman kansu, da shagunan magani, da dillalan shinkafa su ma ba sa rabuwa da ita. Sai dai akasarin masu saye farashin da aka faɗa musu a kanti kawai suke dubawa, alhali kuɗin na'urar shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ta ci a tsawon rayuwarta.

Dalili kuwa shi ne yadda kamfanonin suka tsara kasuwancinsu. Sun daɗe suna sayar da ƙananan firintoci da araha, sannan su fanshe ribarsu a kan tawada. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce nawa kowane shafi zai ci, kuma ana samun amsarta ta hanyar raba kuɗin tawada da adadin shafukan da take bugawa.

Iri uku, lissafi uku

Na farko shi ne firinta mai fesa tawada daga ƙaramin kwanso, irin HP DeskJet. Ita ce mafi sauƙin kuɗi a ranar saye, kuma ita ce mafi cin aljihu daga baya. Baƙin kwanso na HP 123, alal misali, kamfanin ya ƙiyasta shi a kan shafi kusan 120 ne kacal. Na biyu shi ne mai tanki, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Epson ne ya fara fito da ita a Indonesiya a 2010, bayan ya ga yadda masu gyara ke liƙa wa firintocinsa tankunan waje. Daga baya Canon da HP suka bi sahu. Kwalbar baƙar tawada ta Epson L3210 ko L3250 an ƙiyasta ta a kan shafi 4,500, masu launi kuma 7,500. Na uku shi ne leza, wadda ke aiki da garin tona maimakon ruwan tawada. Kwanson 85A na HP LaserJet P1102 yana ba da kimanin shafi 1,600, 12A na tsohuwar 1020 kuma 2,000, yayin da 05X na P2055 ke kaiwa 6,500.

A ɗauki shagon da ke buga shafi 50 a rana, kwana 26 a wata, wato shafi 1,300. Mai ƙaramin kwanso zai sayi kusan goma sha ɗaya kafin wata ya ƙare. Mai 85A zai wuce wata da kwanso guda. Mai tanki kuwa zai haura wata uku bai sake buɗe kwalba ba. Ko ba a kawo farashin yau ba, wanda ke sauyawa da motsin dala tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, wannan tazara ta isa ta nuna cewa firinta mai ƙaramin kwanso ba ta kasuwanci ba ce. Ta dace da gidan da ake buga takarda biyu ko uku a mako.

Akwai abin lura game da waɗannan alƙaluma. An auna su ne da ƙa'idar ISO, wadda a ɓangaren leza ta ɗauki shafin da rubutu ya rufe kusan kashi 5 cikin ɗari nasa. Takardar shaida mai hoto da tambari, ko fom mai layuka da akwatuna, ta ninka haka. Sannan sababbin firintocin leza da dama suna zuwa ne da kwanson gwaji wanda bai kai cikakke ba, mai tanki kuma takan shanye wani kaso na tawadar farko wajen cika bututunta. Mai hankali zai rage wani abu daga abin da aka rubuta a jikin kwali kafin ya yanke farashin da zai riƙa karɓa a kan shafi.

Wuta ce ke raba gardama

A wasu ƙasashe, shawarar da ake ba mai ofis ita ce ya sayi leza kawai. A Kebbi maganar ba ta da wannan sauƙi. Leza tana narkar da tona ne a kan takarda da zafin da ke dosar digiri 200, don haka ko ƙaramar P1102 tana jan wat sama da 300 yayin bugawa, kuma a lokacin da take ɗumama kanta takan yi fizgar da ta zarce haka nesa. Wannan fizga ce ke sa ƙaramin janareta ya yi gurnani, ko inbata ta ɗauke. Epson mai tanki, wadda ba ta amfani da zafi wajen fesa tawada, ba ta wuce wat goma sha 'yan kai ba, kwatankwacin ƙwan fitila ɗaya. Fanel ɗin sola guda da batir sun ishe ta tare da kwamfutar tafi-da-gidanka.

Bambancin ya ƙara nauyi tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Jihar tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne, babban layinta kuma daga Kainji yake tasowa, kuma mazauna Birnin Kebbi ba su manta da gobarar da ta tashi a tashar wutar garin a Satumban 2023 ba. Wanda zai tayar da janareta don ya buga wa ɗalibi shafi huɗu, ribarsa ta tafi a hayaƙi. Duk wadda aka zaɓa, sitabilaiza ba abin ƙawa ba ce, domin hawa da saukar wuta sun fi tsufa kashe allon firinta.

Ƙura, zafi da damina

Amma leza tana da nata rinjaye, kuma yanayin kwarin Rima ne ke ba ta shi. Garin tona ba ya bushewa. Za a iya rufe shago wata biyu na hutun makaranta, a dawo a kunna ta ci gaba da aiki. Mai tanki ba ta yafe irin wannan sakaci: a zafin bazara, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, tawada kan daskare a bakin kan fesawa, kuma sauya kan yana iya cin kaso mai tsoka na kuɗin sabuwar na'ura. Maganin abin shi ne a buga shafi mai launi aƙalla sau ɗaya ko biyu a mako, ko babu mai saye. Ƙurar hunturu kuwa ba ta zaɓe. Tana sa robar jan takarda ta yi santsi a kowace iri, shi ya sa mayafin rufe firinta da dare ya fi kuɗinsa amfani.

Akwai kuma batun ruwa. Tawadar da ke cikin yawancin ƙananan firintoci masu tanki tana narkewa idan ɗigon ruwa ko gumi ya taɓa ta. Rubutun leza ba ya motsi. Ga mai buga yarjejeniyar filaye, takardun kotu ko sakamakon jarrabawar da za a adana shekaru, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Leza ta kuma fi sauri idan layi ya taru a ranar rufe rajista.

Sabuwa ko ta hannu

Tsofaffin HP LaserJet na hannu sun cika shaguna, kuma da hujja: kowane mai gyara ya san cikinsu, ana sake ɗura musu tona, kayan gyaransu kuma na samuwa a Sakkwato ko a titin Beirut a Kano, in ta yi tsanani a Computer Village ta Ikeja. Kafin a biya, a sa mai sayarwa ya fitar da shafin bayanan na'urar, wanda ke nuna yawan shafukan da ta taɓa bugawa. A duba takardar da ke bayanta: wadda aka ƙera don Amurka da wuta 110 take aiki, kuma idan aka jona ta kai tsaye a tamu mai 230 za ta ƙone nan take. Baƙin layi da ke maimaituwa a shafi alama ce ta dirom ya gaji. Rubutun da ke gogewa da yatsa kuma na nuna sashen ɗumamawa ne ya lalace, wanda gyaransa ya fi tsada.

Sababbi suna da garanti, amma wasu na zuwa da tarko. Tun 2016 HP ya fara sanya wa wasu firintocinsa tsarin da ke ƙin karɓar kwanson da ba na kamfanin ba, kuma sabunta manhajar na'ura ta intanet na iya kulle kwanson da jiya yake aiki. Epson kuma tana da soson da ke tara ragowar tawada. Idan ma'auninsa ya cika sai ta tsaya cak har sai mai gyara ya taɓa ta. Ya kamata mai saye ya tambayi waɗannan abubuwa biyu, kuma ya tabbatar lambar tawadar da na'urar ke sha tana samuwa a Birnin Kebbi, ba sai an aika mota Kano ba. Jabun tawada ma ya yi yawa, kuma arhar kwalba ɗaya kan jawo asarar kan fesawa.

Wanda aikinsa fotokwafi ne da yawa, kamar shagunan bakin sakatariya, bai kamata ya ɗora wa ƙaramar firinta mai haɗe da sikana wannan nauyi ba. Injin Sharp, Ricoh ko Kyocera aka yi domin haka. Mai kantin magani ko na kayan masarufi kuwa, wanda rasit kaɗai yake bayarwa, ƙaramar firinta mai aiki da zafi, mai faɗin milimita 58 ko 80, ta wadatar da shi, kuma ba ta shan tawada ko kaɗan. Aibinta ɗaya: rubutunta kan dushe idan ya sha rana ko ya daɗe, don haka dillalin da ya ba da buhunan shinkafa bashi kada ya dogara da irin wannan rasit a matsayin shaida.