Daga Zauren Ɗori na Aliero Zuwa Ɗakin Tiyata: Tarihin Gwiwar Ɗan Wasa

Bahaushe ya daɗe da sanin darajar gwiwa, har ya ajiye jarumtarsa a cikinta. Wanda aka ba baki ya miƙe, an ƙarfafa masa gwiwa. Wanda ya sare, gwiwarsa ce ta yi sanyi. Mai naƙuda tana kan gwiwa, mai neman afuwa yana zuwa gwiwa biyu. A fagen dambe kuwa hukuncin a fili yake: gwiwa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, makaɗa su juya kiɗa wajen gwani.

Amma akwai faɗuwar da ta fi wannan ciwo, wadda ba ta ƙarewa da tashi daga fage. Ita ce ta ranar da gwiwar kanta ta lalace daga ciki. A ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, inda ɗori ya zama gado kuma abin alfahari, ya kamata a bi tarihin wannan rauni tun daga tushe, domin ya shafi duk saurayin da ke buga ƙwallo a filin makaranta, da wanda ke shiga kokawa bayan an kai amfanin gona gida.

Hanyar fatake da gidajen ɗori

Garuruwan nan uku suna jere ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta Tambuwal, ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama, ta nufi Koko da Yawuri. Dukkansu ƙasar Gwandu ne, kuma tun ranar 27 ga Agusta, 1991 suke cikin Jihar Kebbi. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ya kafa wajajen 1820 a bakin gulbin Zamfara, ba ta daɗe ba ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, inda ayarin fataken Gwanja masu sayo goro ke yada zango. Duk inda jakuna da dawakai da 'yan dako suka taru, ba a rasa wanda ya faɗi ya karye. A yau babbar mota da kabu-kabu sun karɓi aikin jaki da doki, karaya kuwa sai abin da ya ƙaru.

Abu biyu suka fitar da sunan Aliero: albasa da ɗori. Daga sassan Nijeriya, har da Nijar da Benin, ana ɗauko masu karaya a kawo su garin. Sana'ar gado ce, ɗa yana koyonta a gaban ubansa. Mai ɗori zai lalubi wurin da yatsunsa, a riƙe masa majiyyaci, ya ja ƙashin ya saita shi, ya shafa magani, ya naɗe da ƙyalle, ya jera karare ya ɗaure, ya yi tofi. Bayan an kwance sai a shiga gashi da ruwan zafi. Tun kafin a san hoton ƙashi, da wannan hikima kakanninmu suka miƙar da manoma da mahaya da 'yan kokawa da ba su ƙirguwa. Wanda ya raina wannan gado bai san tarihin ƙasarsa ba.

Inda kara ba ya kaiwa

Abin da ya sa ɗori ke ci shi ne, Allah Ya halicci ƙashi da wadatar jini. Idan ya karye, jini yakan taru a bakin karayar ya daskare, sabon ƙashi ya tsiro a kansa ya haɗe ɓangarorin biyu. Aikin mai ɗori shi ne ya daidaita su, ya hana su motsi har halitta ta gama nata aikin.

Gwiwa kuwa mahaɗa ce. Ƙashin cinya da na ƙwauri ne suka haɗu, ƙoƙon gwiwa ya rufe su ta gaba, guringuntsi biyu suka shiga tsakani kamar gammo, sannan jijiyoyi huɗu masu ƙarfi kamar igiya suka ɗaure su. Biyu suna gefe da gefe, biyu kuma sun gicciya a can tsakiya. Ta gefen ciki takan warke da kanta idan aka hutar da ƙafa. Ta gaba daga cikin masu gicciyen nan, wadda likitoci ke kira ACL, ita ce mai wuyar sha'ani. Jinin da ke kai mata kaɗan ne, kuma tana zaune cikin ruwan mahaɗa da ke hana jini daskarewa a bakin raunin. Idan ta tsinke gaba ɗaya, da wuya ta sake haɗewa, komai kyan ɗaurin da aka yi daga waje.

Sau da yawa ba ma sai an doki mutum ba. Ya isa a ce ƙafa ta kafe a ƙasa, jiki ya juya. Sai ya ji wata ƙara a cikin gwiwa, kafin dare ta kumbura suntum. A nan ne muke cewa targaɗe ne. Bayan 'yan makonni kumburi ya sace, mutum ya fara takawa, kowa ya ce an warke. Ranar da ya koma fili ya yi juyi, sai gwiwar ta zame masa. Kowane zamewa yana ƙara cin guringuntsi, har a wayi gari mai shekara talatin da 'yan kai yana tafiya irin ta tsoho.

Filin da ya fi cin gwiwa

Da wuya a sami wasan da ya bar tarihin wannan rauni a rubuce kamar ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita, ƙarti su yi ta karo har sai sun kayar da mai gudu. Gale Sayers na ƙungiyar Chicago Bears yana cikin waɗanda suka fi kowa iya zilliya a tarihin gasar NFL. A Nuwamban 1968, a wasansu da San Francisco, aka doke shi a gwiwar dama, jijiyoyi suka tsinke. Aka yi masa irin tiyatar wancan zamani, ta farke gwiwa gaba ɗaya. Ya dawo a 1969 ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar, yadi 1,032. Shekara na zagayowa ta hagu ta lalace. A 1972 ya ajiye wasa yana da shekara 29.

Akwai ɗan Nijeriya a wannan jeri. Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya tafi Amurka ne a matsayin mai jifan faifai, ya rikiɗe ya zama dodon fili a Kansas City Chiefs daga 1987. A 1989 babu wanda ya kai shi, da yadi 1,480. Kaka shida kacal ya buga, kuma ciwon gwiwa na cikin abin da ya sauke shi bayan 1992.

Na Zach Miller, shi ma ɗan Chicago Bears, ya fi tayar da hankali. A Oktoban 2017 gwiwarsa ta goce a wani wasa a New Orleans, ta yaga babbar jijiyar jinin da ke bi ta bayan gwiwa. Tiyatar gaggawa ce ta ceci ƙafar daga yankewa, kuma bai sake buga wasa ba. Gocewar gwiwa irin wannan takan faru a haɗarin babur ma, kuma idan jini ya yanke wa ƙafa, sa'o'i kaɗan ne tsakaninta da mutuwa.

Bijimin Kaduna da gwarzon Atlanta

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna a 1972, ya tashi daga Ranchers Bees zuwa Club Brugge ta Beljiyam, inda a Nuwamban 1992 ya ci ƙwallon farko a zagayen rukuni na sabuwar gasar zakarun Turai. Ya ci Bulgariya da Girka a kofin duniya na 1994. Ya ci Tottenham biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 1995, Everton ta ɗauki kofin. Ya ci Ajantina a wasan ƙarshe na Olamfik a Atlanta a 1996. Ƙarfinsa ya sa ake masa laƙabi da Bijimi. Daga nan gwiwa ta taso shi gaba. Wasa ɗaya ya buga a kofin duniya na Faransa a 1998. Da ya bar Besiktas ta Turkiyya a 1999, ƙungiyar 1860 Munich ta Jamus ta ɗauke shi, amma bai tsallake gwajin likita ba. Yana da shekara 26, lokacin da ɗan ƙwallo ke kai wa ganiyarsa, babban wasa ya ƙare masa.

Abokinsa Emmanuel Amunike shi ya ci ƙwallaye biyun da Nijeriya ta doke Zambiya da su a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1994, ya zama gwarzon Afirka na shekarar, kuma shi ya ci ƙwallon da ta kawo zinaren Atlanta. Barcelona ta saye shi a 1996. Bai daɗe ba gwiwa ta zaunar da shi, bai je Faransa ba, bai kuma sake komawa yadda yake ba. Abin da ya rage masa shi ne ilimin wasan, kuma da shi ya jagoranci 'yan ƙasa da shekara 17 suka ɗauko kofin duniya a Chile a 2015.

Waɗannan mutane ne da ke hannun manyan likitocin Turai. Idan gwiwa ta iya yi musu haka, ina ga yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a busasshen fili mai ramuka?

Yadda likita ya shiga cikin gwiwa

Shi ma likitan zamani ya daɗe yana lalube. A 1895, shekarar da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wani likita a Leeds ta Ingila mai suna Mayo Robson ya ɗinke tsinkakkun jijiyoyin gwiwar wani mai haƙar ma'adini. Da aka ga ɗinki ba ya riƙewa a mafi yawan lokuta, sai Hey Groves na Bristol ya zo da wata dabara a 1917: a yanko wani ɓangare daga jikin majiyyacin, a huda ƙashi, a zura shi ya maye gurbin jijiyar. A kan wannan dabara ake har gobe. A Japan kuma Masaki Watanabe ya inganta siririn madubin da ake zurawa ta ƙaramar kafa a ga cikin mahaɗa, har a 1962 ya cire yagaggen ɓangaren guringuntsi ba tare da farke gwiwa ba. Daga baya na'urar MRI ta zo, mai nuna jijiya da guringuntsi, abin da hoton ƙashi ba ya nunawa.

An ga amfanin wannan doguwar tafiya a kan Adrian Peterson na Minnesota Vikings. Ranar 24 ga Disamba, 2011 jijiyoyi biyu suka tsinke a gwiwarsa ta hagu. Aka yi masa aiki, ya yi watanni yana gashi da motsa jiki. A kakar 2012 ya yi gudun yadi 2,097, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Shekara 43 ne tsakanin rauninsa da na Sayers. Ba ƙarfin zuciya ya fi Sayers ba, ilimi ne ya ƙaru. Duk da haka ba kowa ke dawowa kamar Peterson ba. Yawanci akan ɗauki wata tara zuwa shekara kafin a koma fili, kuma gwiwar da ta taɓa irin wannan rauni ta fi saurin kamuwa da ciwon gaɓɓai idan girma ya zo.

A dawo gida

Ɗan kokawar Maiyama da ɗan ƙwallon Jega ba su da inshora, ba su da likitan ƙungiya. Gwiwar da suke wasa da ita, da ita suke durƙuso a fadamar albasa da shinkafa, da ita suke ɗaukar buhu a kasuwa, da ita suke sujada. Idan ta lalace, asarar ta wuce ta kofi ko kambu, ta taɓa abincin gida.

Saboda haka akwai alamun da bai kamata a tsaya ana kiransu targaɗe ba: ƙara a cikin gwiwa da kumburi nan take, gwiwar da ke zamewa, da wadda ke maƙalewa ta ƙi miƙewa. Idan kuwa ƙafa ta yi sanyi, ko ta mutu ba a jin taɓi, ko yatsu suka sauya launi bayan rauni ko bayan ɗauri, to ba a kwana, asibiti za a nufa a wannan sa'a. Akwai asibitin tarayya a Birnin Kebbi, akwai na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai na ƙashi a Wamakko, ga kuma na Dala a Kano da ke aiki tun 1959.

Iyayenmu masu ɗori su ne mutum na farko da mai rauni ke gani, kuma maganarsu ta fi ta kowa shiga kunnen jama'a. Ranar da mai ɗori ya taɓa gwiwa ya ce, "Wannan ba karaya ba ce, ku je a yi hoto," ya ceci ƙafa, kuma darajarsa ƙaruwa ta yi. Likitoci su ma su daina kallon zauren ɗori a matsayin kishiya. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana zaune ne a tsakiyar wannan gado, kuma babu inda ya fi ta dacewa a zaunar da ɓangarorin biyu, a rubuta abin da magabata suka sani, a koya wa magada alamun haɗari. Hukumomin wasanni da masu shirya dambe da kokawa kuma su gyara fage, su tanadi mai ba da taimakon farko, su hana wanda gwiwarsa ta kumbura komawa wasa don kunyar 'yan kallo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga masu ɗorin Aliero da likitocin Kebbi da shugabannin wasanni su yi haɗin gwiwa, domin gwiwar samarinmu ta kai su tsufa lafiya.