Goɗiyar da ba a sallamawa gaba ɗaya

Ranar da mahaifina zai sayar da dokinsa, sai da ya taka har gidan mai sayen. Ya duba turke, ya ɗebi dusa a tafinsa ya murza, ya sunsuna, sannan ya ce ya sallama. Wani ya riga ya taya fiye da haka, amma ya ce masa albarka. A lokacin na ɗauka taurin kai ne. Sai da na girma na karanta cinikin dawaki a wajen Larabawan daji na Najadu da hamadar Sham, na gane tsohon yana da 'yan'uwa a nesa.

A ƙabilu irin su Anaza da Shammar, ingarma kan tafi kasuwa, amma goɗiya ita ce gida. Ita ake hawa zuwa hari, don ba ta cika haniniya ta tona asiri ba. Ta wajenta ake lissafa nasaba: Kuhailan, Saklawi, Ubayyan, Hamdani, Hadban. In fari ya yi tsanani har da nonon raƙuma ake ciyar da ita. To idan babu ta matsa wa mutum fa? Sai ya sayar da rabi. Mai saye ya riƙe linzami, ya hau, ya ciyar, amma duƙusa ta fari, wani lokaci har ta biyu, ta tsohon ubangida ce. Wannan sharaɗi ya fi komai burge ni, domin ya bar wa mai sayarwa ƙofa: yana da hujjar zuwa ya ga ko haƙarƙarinta ya fito, ko sirdi ya yi mata miki.

Da dawakin suka koma bargar sarakuna, igiyar da ke tsakanin doki da tsohon ubangidansa ta fara sakwarkwacewa. Abbas Pasha, wanda ya mulki Masar daga 1848 zuwa 1854, ya zuba dukiya ya tara mafi kyawunsu, har ya aika a rubuto nasabarsu daga bakin shugabannin ƙabilu. Ɗansa Ilhami ya gaje su, ya rasu a 1860, aka yi gwanjonsu. Gwanjo kuwa ba ya tambayar turke. An yi sa'a Ali Pasha Sharif, wanda ya san darajarsu, ya kwashi da yawa.

A hannunsa Anne Blunt da mijinta Wilfrid suka sayi Mas'ud a 1889, jan duƙushi ɗan shekara biyu mai farin goshi da fararen ƙafafu. A 1891 suka kai shi gonarsu ta Crabbet a Ingila, inda ya haifi 'ya'yan da jininsu ya bazu har Amurka. A 1903, yana da shekara 16, aka sayar da shi zuwa Rasha. Yaƙi ya zo, juyin juya halin 1917 ya biyo baya, abin da ya haifa a can ya salwanta. Har yau ina jin zafin wannan ciniki: tsohon doki a ƙasar ƙanƙara, ba mai takawa ya murza dusarsa.